ILS, RNP, Z da A: Ma'anar Sunayen Hanyoyin Saukar Jirgin Sama

Duk wanda ke bin jiragen maniyyata a manhajar Flightradar24 daga Limawa ko wata unguwa ta Dutse, ko yake tuƙi a wasan Infinite Flight a wayarsa, ba zai rasa cin karo da rubutu irin "ILS Z RWY 06" ko "VOR-A" ba. Waɗannan sunaye ne na hanyoyin sauka da na'ura, wato tsarin da matuƙi ke bi idan gajimare, duhu ko ƙurar hunturu suka hana shi hango titin sauka. Filin jirgin Dutse, wanda aka buɗe a 2014 zamanin Gwamna Sule Lamido, yana yankin da hazo kan rufe daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don haka batun ya shafe mu kai tsaye. A Najeriya hukumar NAMA ce ke wallafa taswirorin waɗannan hanyoyi.

Kashi na farko: wace na'ura?

Farkon sunan yana faɗa wa matuƙi na'urar da za ta jagorance shi a zangon ƙarshe. ILS siginar rediyo ce daga filin jirgin da ke nuna masa dama da hagu, da kuma gangarar da zai bi. LOC rabin ILS ce, dama da hagu kawai. VOR da NDB tsofaffin tashoshin rediyo ne a ƙasa. RNP kuwa ta dogara da tauraron ɗan'adam, kamar dai GPS ɗin wayarka, sai dai na'urar jirgin tana sa ido kan kanta, ta yi gargaɗi idan lissafinta ya fara kaucewa. Hukumar ICAO ta nemi ƙasashe su koma rubuta RNP a sunayen, amma Amurka ta ci gaba da rubuta RNAV tare da GPS.

Kashi na biyu: wane titi?

Lambar da ke bayan RWY alƙiblar titin ce a kamfas, an cire sifiri ɗaya. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano 06/24 ne: daga wannan ɓangare yana fuskantar kusan digiri 60, daga wancan kuma 240. Idan tituna biyu suna jere, sai a ƙara L ga na hagu, R ga na dama.

Z, Y, X

Idan titi guda yana da hanyoyi biyu ko fiye masu amfani da na'ura iri ɗaya, ana bambanta su da haruffa daga ƙarshen abacada: Z, sai Y, sai X. Bambancin kan kasance a mafi ƙarancin tsayin da aka yarda a sauko, ko a hanyar da za a bi idan an fasa sauka. A tsakanin duwatsu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wata hanyar sai jirgin da ke iya hawa sama da sauri. Haruffan AR a ƙarshen sunan RNP suna nufin sai jirgi da matuƙan da aka ba izini na musamman.

A, B, C

Idan ka ga harafi daga farkon abacada ba tare da lambar titi ba, kamar VOR-A, to hanyar tana kai jirgi kusa da filin ne kawai, sauran aikin na ido ne. A ƙa'idar Amurka haka na faruwa idan hanyar ta kauce wa saitin titi da fiye da digiri 30, ko gangararta ta wuce ƙafa 400 a kowane mil na teku. Duwatsu ne sukan jawo haka, domin dole jirgi ya tsaya can sama har ya wuce su.

Darasin Aspen

Filin jirgin Aspen a jihar Kolorado ta Amurka yana sama da ƙafa 7,800 daga matakin teku, kusan ninki biyu na filin Jos. Ranar 29 ga Maris, 2001, wani jirgi ƙirar Gulfstream III ya faɗi dab da titin yana bin hanyar VOR/DME-C da magariba, mutum 18 suka rasu. Masu bincike sun gano matuƙan sun gangaro ƙasa da tsayin da aka iyakance ba tare da sun ga titin sosai ba. Akwai kuma sanarwar da ta hana sauka ta zagaye da dare. Tunda harafin C na nufin hanyar ba ta da wani salo sai na zagaye, manufar ita ce a rufe ta baki ɗaya da dare, amma kalmomin sanarwar ba su fito fili ba, kuma ba ta isa hasumiyar Aspen ba.

Duwatsun Dutse ba su kai na Kolorado ba, amma ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina. In ka sake buɗe wasanka, karanta sunan daki-daki: na'ura, harafi, sannan titi. Ka tuna taswirorin da ake tsinta a intanet na koyo ne kawai. Matuƙan gaske da sababbi suke aiki, domin ana sabunta bayanan zirga-zirgar jirage duk bayan kwana 28.