Abin da jami'a ke koya wa ɗalibi a kwas ɗin farko na zanen kwamfuta

Babu ɗan kasuwar da ba ya biyan kuɗin zane, ko ya lura ko bai lura ba. Allon da ke ƙofar shago, tambarin da ke jikin ledar ruwa ko buhun shinkafa, kalandar da ake raba wa abokan ciniki a ƙarshen shekara da hoton tallar da ake ɗorawa a WhatsApp, duk wani ne ya zauna gaban kwamfuta ya tsara su. Haka abin yake a ma'aikatun gwamnati, inda da wuya wata ya wuce ba a ba da kwangilar buga fosta, katin gayyata ko rahoton shekara ba.

Galibin masu wannan aiki sun koye shi ne a shagunan buga takardu, ta hanyar zama kusa da maigida suna kallon hannunsa. Jami'o'i ma suna koyar da shi. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, alal misali, zanen ɗab'i da talla na daga cikin fannonin da ɗalibi zai iya ƙwarewa a kai a Sashen Tsara Kayan Masana'antu, yayin da sassan koyar da aikin jarida a jami'o'i da dama ke da kwas a kan tsara shafi da hoto. Kwas ɗin share fage yakan ɗauki zangon karatu guda, kimanin mako 15, kuma rabin nauyinsa ko fiye aikin hannu ne a ɗakin kwamfuta.

Abin da kan ba sabon ɗalibi mamaki shi ne, manhajar da ya zo dominta ba ita ce a gaba ba. A wurare da yawa makonnin farko da fensir da takarda ake yin su. Wannan al'ada tana da tushe: makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a birnin Weimar na Jamus a 1919, ta wajabta wa kowane ɗalibi kwas na share fage a kan layi, siffa da launi kafin ya shiga kowane fanni. An rufe makarantar a 1933, amma tsarin nata ya bazu zuwa makarantun zane na duniya. Dalilin riƙe shi har yau a fili yake. Manhaja takan sauya fuska kowace shekara, amma yadda idon ɗan Adam ke bin shafi bai sauya ba.

Darasi mafi nauyi a wannan mataki shi ne na fifiko, wato sanin abin da ido zai fara gani, da na biyu, da na uku. Mai wucewa a kan babur ba ya ba allon shago fiye da daƙiƙa biyu ko uku. Idan sunan shagon, jerin kaya goma sha biyar, lambobin waya huɗu da addu'ar neman tsari duk an rubuta su da girma ɗaya, ido ba zai kama ko ɗaya ba. Ana koya wa ɗalibi ya tambayi mai aiki abu guda da yake so mutane su tafi da shi, ya girmama wannan, ya ƙanƙantar da saura. Daga nan sai darasin sarari. Ɗan kasuwa yakan ji cewa tunda ya biya kuɗin allo gaba ɗaya, asara ce a bar wani gefe babu rubutu. Ga mai zane kuwa, filin da aka bari shi ke fito da rubutun, kamar yadda aikin aska takwas ke fitowa a babbar riga saboda sauran yadin fili ne. Sauran ƙa'idojin, irin su daidaita gefen rubutu a kan layi ɗaya, haɗa abubuwa masu dangantaka wuri guda da taƙaita salon haruffa zuwa biyu ko uku a shafi, ɗalibi kan kama su da sauri da zarar ya fahimci waɗancan biyun.

Sai an wuce nan ake buɗe manhaja, kuma abu na farko da ake bambancewa shi ne hoto iri biyu ne a kwamfuta. Akwai hoton ɗigo, kamar wanda kyamarar waya ke ɗauka: dubban ƙananan murabba'ai ne masu launi da aka jera, kuma yawansu ƙayyadadde ne. In aka ja hoton ya yi girma, ɗigon ne kawai ke kumbura, sai hoton ya dushe ko gefensa ya yi kamar haƙoran zarto. Photoshop, wadda kamfanin Adobe na Amurka ya fitar a 1990, ita ce uwar ɗakin wannan fage. Akwai kuma zanen layi, wanda kwamfuta ke adanawa a matsayin lissafi: daga nan zuwa can, da lanƙwasa kaza, da launi kaza. Lissafin lanƙwasar ya samo suna ne daga Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Zanen layi ba ya lalacewa komai girman da aka ba shi, don haka tambari ɗaya zai hau katin kasuwanci, ya kuma hau jikin tirela. Illustrator, wadda ta fito a 1987, da CorelDRAW ta ƙasar Kanada, wadda ta fito a 1989, su ne manyan manhajojin wannan ɓangare. Ta ukun ita ce manhajar tsara shafuka masu yawa, kamar InDesign ta 1999, da ake haɗa littafi, mujalla da jarida da ita.

A nan ne kuɗin mai karatu ke shiga maganar. Ƙa'idar maɗaba'a ga abin da za a riƙe a hannu a karanta ita ce ɗigo 300 a kowane inci. Wato hoton da zai cika takardar A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, yana buƙatar ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo. Hoton da faɗinsa ɗigo 1,000 ne, duk kyansa a fuskar waya, bai wuce santimita takwas da rabi ba idan ana so ya fito tas a takarda. Ga shi kuma WhatsApp kan matse hoto ya rage nauyinsa, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Jami'in da ya turo hoton shugaban ma'aikata ta wannan hanya, bayan hoton ya bi ta wayoyi uku, sannan ya ce a buga shi a bangon rahoto kwafi dubu biyu, shi ya jawo fuskar da za ta fito kamar an shafa mata toka, kodayake mai maɗaba'a ne zai sha faɗa. Allon gefen titi ba ya buƙatar ɗigo masu yawa haka, saboda daga nesa ake kallonsa.

Launi ma yana da nasa tarkon. Fuskar waya da ta kwamfuta da haske suke aiki, suna gauraya ja, kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ɗaukar ruwan hoda, rawaya da baƙi, wato CMYK. Tawada ba ta iya kai wa ga wasu launukan da haske ke bayarwa, musamman kore da shuɗi masu ƙyalli. Shi ya sa koren da mai kaya ya amince da shi a waya kan dawo daga maɗaba'a a dushe. Ɗalibi yakan koyi fara aikin ɗab'i da tsarin CMYK tun farko, da neman gwajin kwafi ɗaya a takarda kafin a saki inji. Ana kuma koya masa barin rarar milimita uku a kowane gefe, domin wuƙar yankan takarda ba ta faɗawa daidai kan layi kullum, kuma in babu rarar sai farin zare ya bayyana a gefen kati.

Akwai wani darasi da littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka ba su damu da shi ba, amma ya shafi duk mai bugawa da Hausa. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar, ba kowane salon haruffa ne ke ɗauke da su ba. Masu ƙayatarwar da ake saukowa da su kyauta daga intanet su suka fi rashin su. Idan harafin babu shi, manhaja takan sa akwatin da babu komai a gurbinsa, ko ta aro shi daga wani salon ya fito kamar baƙo a cikin dangi. Mai zane da ke sauri sai ya cire ƙugiyar ya huta, kuma daga nan ma'ana ta tafi: allon da ke maraba da baƙi ya koma maraba da baki, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. Maɗaba'ar Gaskiya da ke Zariya ta iya buga waɗannan haruffa a zamanin da ake jera su da hannu da dalma, saboda haka babu hujjar kasawa a zamanin kwamfuta. Jerin haruffan Noto na kamfanin Google, da Charis da Andika na cibiyar SIL, duk kyauta ne kuma suna ɗauke da su. Malamin da ke koyarwa a Kano, Sakkwato ko Zariya bai sa wannan a cikin aikin gwaji ba, ya bar giɓi a kwas ɗinsa.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce wace manhaja ya kamata yaro ya koya, kuma nawa za ta ci. Tun 2013 Adobe ya daina sayar da sababbin manhajojinsa sayarwa ta dindindin, ya koma karɓar kuɗin haya wata-wata ko shekara-shekara, abin da ke ƙara nauyi duk lokacin da Naira ta faɗi. A kasuwar ɗab'i ta Najeriya, daga Shomolu a Legas har zuwa shagunan Kano da Kaduna, CorelDRAW ce ta fi yawa, don haka ɗalibin da bai san ta ba zai sha wahalar miƙa aiki ga maɗaba'a. Akwai kuma na kyauta waɗanda doka ta halatta: GIMP don hoton ɗigo, Inkscape don zanen layi, Scribus don shafuka. Ba su kai waɗancan santsi ba, amma sun isa a koyi kowace ƙa'ida da ke cikin kwas ɗin, kuma sun fi kwafin sata da kan shigo da cuta cikin kwamfuta. Abin da ya fi tsadar manhaja damun ɗalibai, a gaskiya, shi ne rashin wuta da ƙarancin kwamfutoci a ɗakin aiki. Zane ba ya koyuwa da kallo, kuma wanda ba shi da tasa kwamfutar yakan gama zango da ilimin allo kawai.

Canva, wadda aka ƙaddamar a Ostareliya a 2013, da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka biyo baya, sun sa wasu na ganin kwas ɗin ya zama tsohon yayi. Lallai sun sauƙaƙa tallar yau da kullum ta Facebook da Instagram, kuma mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ba ya buƙatar digiri kafin ya sanar da isowar sabon kaya. Amma samfurin da kowa ke ɗauka kowa yake kama da shi, kuma ba ya sanin cewa takardar da za a manna a jikin kwalbar zoɓo ko robar yaji dole ta samar wa lambar rajistar NAFDAC, jerin kayan haɗi, ranar yi da ranar ƙarewar aiki wuri inda za a iya karanta su. Irin wannan aiki ne ake ba ɗalibi a ƙarshen zango: a ba shi kaya na gaske da ma'auni na gaske, ya zana, ya buga, ya kafe a bango, sannan malami da 'yan aji su yi masa suka a gabansa. Wannan zaman suka yana da ɗaci a karon farko, amma shi ne abin da shagon koyon sana'a ba ya cika bayarwa, domin can maigida kan gyara aikin da kansa ba tare da ya faɗi dalili ba.

Kwas na zango ɗaya ba ya mayar da kowa gwani, kuma mai ɗaukar aiki zai fi amfana da duba tarin ayyukan matashi fiye da duba makinsa. Kwas ɗin yakan taɓo batun haƙƙin mallaka, wanda sabuwar dokarsa ta samu sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a watan Maris na 2023: hoton da aka tsinto a intanet yana da mai shi, kuma biyan kuɗin zane ba lallai ne ya mayar da haƙƙin zanen ga wanda ya biya ba, sai an rubuta hakan a yarjejeniya. Saboda haka ɗan kasuwa ko jami'in da ya ba da aikin tambari zai kyauta wa kansa idan ya karɓi abu huɗu ranar biyan kuɗi: ainihin fayil ɗin zanen layi, ba hoton JPEG kaɗai ba; kwafin PDF da aka shirya don maɗaba'a; lambobin launukan da sunan salon haruffan da aka yi amfani da su; da takardar da ke nuna wanda ya mallaki zanen. Wanda bai karɓa ba, ranar da mai zanen ya sauya gari ko kwamfutarsa ta mutu, sai ya sake biyan wani ya kwaikwayi tambarinsa daga jikin tsohuwar leda.