Amfani da Tantanin Faya wajen Jinyar Gyambon Ƙafa na Masu Ciwon Sukari

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda likitoci ke ɗora tantanin faya a kan gyambon ƙafa na masu ciwon sukari, da dalilin yin haka, da kuma iyakar amfaninsa. A ƙiyasin Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya, a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da cutar. Wani nazari da Armstrong da Boulton da Bus suka buga a 2017 ya nuna kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu ita za su sami gyambon ƙafa a tsawon rayuwarsu. Gyambon nan kuwa shi ne mafarin yawancin yanke ƙafa da akan yi musu.

Abin da ke hana gyambon warkewa

Sukari idan ya daɗe da yawa a jini yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, har mutum ya taka ƙaya ko takalmi ya ci shi bai sani ba. Yakan kuma ƙuntata hanyoyin jini, ya raunana garkuwar jiki. Daɗin daɗawa, a cikin tsohon gyambo akwai sinadarai masu narkar da nama da suka yi yawa, suna rushe sabon nama tun bai kama ba. Ta haka miki kan tsaya wata da watanni.

Mene ne tantanin faya?

Shi ne siririn mayafi na can ciki wanda ke riƙe da ɗan tayi da ruwan faya, a likitance ana ce masa amniyon. Kaurinsa bai wuce rabin milimita ba, kuma babu hanyar jini a cikinsa. Yana ɗauke da zaren kolajin wanda sababbin ƙwayoyin fata kan bi su rufe miki, da sinadarai masu zaburar da tohuwar nama, da masu danne waɗancan masu narkarwa. Har ila yau, jikin majinyaci ba ya yawan ƙinsa kamar yadda yakan ƙi fatar wani mutum.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1910 Dokta John Staige Davis na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya gwada shi a madadin fata, sa'an nan a 1995 Kim da Tseng suka farfaɗo da shi a aikin ido.

Yadda ake tanadinsa da ɗora shi

Akan karɓi mabiyiya daga macen da aka shirya yi wa fiɗa, da yardarta, bayan an auna jininta don tabbatar da ba ta da ƙanjamau, ko ciwon hanta nau'in B da C, ko tunjere. Sai a ɓare tantanin, a wanke, a daskarar da shi cikin sanyi mai tsanani, ko a busar. Busasshen ba ya bukatar firji.

Kafin a ɗora shi wajibi ne likita ya kankare mataccen nama, ya magance ƙwayoyin cuta, ya tabbatar jini na isa ƙafar. Daga nan a shimfiɗa shi, a rufe da bandejin da ba ya mannewa, a ɗauke nauyin jiki daga wurin da filasta ko takalmi na musamman. Akan sake shi mako-mako ko bayan mako biyu.

Abin da bincike ya nuna

A gwajin Lavery da abokan aikinsa na 2014, mai majinyata 97, gyambon kashi 62 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa daskararren tantani ya rufe cikin mako 12, alhali a ɗaya rukunin kashi 21 ne. Sai dai mu lura, yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma kamfanoni masu sayar da kayan ne suka ɗauki nauyin da dama daga cikinsu. Saboda haka ƙa'idojin ƙwararru na duniya na 2019 da 2023 suka ɗauke shi a matsayin ƙari ne kawai, a inda jinya ta yau da kullum ta gaza. Ma'aunin da aka saba bi shi ne, idan faɗin gyambo bai ragu da rabi ba cikin mako 4.

Kammalawa

A ƙasar Hausa al'adarmu ita ce a wanke mabiyiya a binne ta. Don haka duk asibitin da zai fara wannan aiki sai ya nemi yardar iyali da shawarar malamai, ya kuma tanadi ɗakin auna jini abin dogaro. Daga ƙarshe muna jaddada cewa rufewar gyambo ba ita ce ƙarshen jinya ba, domin nazarin 2017 ɗin nan ya nuna wajen kashi 40 cikin ɗari kan sake samun gyambo cikin shekara guda. Daidaita sukari, da duba ƙafa kullum, da barin yawo ba takalmi, su ne ke raba majinyaci da wuƙar likita.