Haɗa Tayoyi Iri-Iri: Abin Da Dokar Binciken Motoci Ta Ce A Birtaniya

A ƙasar Birtaniya, duk ƙaramar motar da ta cika shekara 3 wajibi ne mai ita ya riƙa kai ta wurin binciken lafiya sau ɗaya a kowace shekara. Ana kiran wannan bincike MOT, watau haruffan farko na sunan Ma'aikatar Sufuri ta ƙasar, wadda ta kafa shi cikin 1960 zamanin Minista Ernest Marples. Da fari motocin da suka kai shekara 10 kaɗai ake dubawa, kuma birki da fitilu da sitiyari ne iyakar abin da ake gwadawa. Cikin 1967 aka rage shekarun zuwa 3, sa'an nan cikin 1968 aka shigar da tayoyi.

Tambayar da ta fi damun masu motoci a can ita ce, idan taya ɗaya ta lalace aka sayo wata mai zane daban, ko motar za ta faɗi a binciken? Amsar ita ce ba za ta faɗi ba saboda zane kaɗai. Doka ba ta hana a sa tayoyin kamfanoni biyu masu zane iri biyu a ƙafafun gaba ko na baya ba, muddin girmansu ɗaya ne, ƙirarsu kuma ɗaya ce.

Ƙirar nan ita ce inda doka ta fi tsanantawa. A tsohuwar ƙira, zaruruwan da ke cikin roba suna gicciye juna ne a karkace. A ƙirar radiyal kuwa, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista cikin 1946, zaruruwan suna miƙewa ne daga wannan baki zuwa wancan, kuma ta fi kama hanya a kwana. Saboda haka aka hana haɗa su hagu da dama, aka kuma hana sa radiyal a gaba alhali tsohuwar ƙira tana baya, domin idan gaba ya kama hanya baya ya suɓuce, motar tana iya juyawa da direba.

Har ila yau ana auna zurfin zanen. Tun daga 1992 tilas ne ya kai milimita 1.6 a kashi uku cikin huɗu na tsakiyar faɗin taya, a duk kewayenta. Wanda aka kama da tayar da ta suɗe ana iya cin sa tarar da ta kai fam 2,500 a kan kowace taya. Akwai kuma tayoyin da aka ƙera su juya ta fuska ɗaya, masu alamar kibiya a gefe. Idan aka ɗaura su a juye motar ta faɗi.

Amma fa cin binciken ba shi ne ƙarshen magana ba. Aikin zane shi ne ya kore ruwa daga ƙarƙashin taya, kuma kowane zane da irin ƙarfinsa. In hagu da dama suka bambanta, ɗaya takan riga ɗaya kamawa sa'ad da aka taka birki a jiƙaƙƙiyar kwalta, sai motar ta fizga gefe. Shi ya sa masu ƙera tayoyi suke ba da shawarar a canja su bibbiyu. Faransa ma ta fi tsanani, don ta wajabta tayoyin hagu da dama su zama iri ɗaya, kuma kada bambancin zurfin zanensu ya wuce milimita 5.

Wannan batu ya shafi Nijeriya, inda ake sayar da tsofaffin tayoyin Turai da yawa, ana ɗaura su ɗai-ɗai a wurin masu faci. Ma'aikacin da ya sayi mota da guminsa ya kamata ya duba girman taya da ƙirarta da shekarunta kafin ya biya. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 tana nufin mako na 23 na 2019. Takardar lafiyar mota shaida ce ta ranar da aka duba ta kawai. Sauran kwanakin shekara, kulawar tana wuyan mai mota.