Yadda korona ta sauya wasanni da zaman ɗalibai a jami'o'in Amurka: Abin da ya kamata ku sani

Ranar Alhamis 12 ga Maris, 2020, jami'o'in St. John's da Creighton suna tsakiyar wasan ƙwallon kwando a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York. 'Yan wasa suka tafi hutun rabin lokaci, daga nan ba su sake dawowa fili ba. Kafin rana ta faɗi, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta soke babbar gasarta ta ƙwallon kwando, da duk sauran gasannin da suka rage a shekarar karatun. Tun da aka fara gasar maza a 1939, ko Yaƙin Duniya na Biyu bai hana a buga ta ba. Cikin 'yan kwanaki jami'o'i suka sallami ɗalibai, karatu ya koma intanet.

Rufe makarantun bai zo da wata gardama ba. Rigimar ta taso ne lokacin da aka zo buɗewa.

Me ya sa wasan jami'a ke da nauyi haka a Amurka?

Wanda ya saba da gasar jami'o'inmu, inda 'yan kallo galibi ɗalibai ne, zai yi mamakin na Amurka. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000. A jihohi da dama, ma'aikacin gwamnati da ya fi kowa albashi shi ne kocin wata jami'a. Ta nan ne kuma ake shiga manyan kulob-kulob: Hakeem Olajuwon, da ya tashi a Legas, daga Jami'ar Houston ya wuce gasar NBA.

Wasanni biyu ne ke kawo kuɗi, ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake sa hular kwano ana ruga wa juna. Gasar ƙwallon kwando ta watan Maris, mai ƙungiyoyi 68 a lokacin, ita ke samar wa NCAA mafi yawan kuɗin shigarta, ta hanyar sayar wa gidajen talabijin izinin nunawa. Da wannan kuɗin ake riƙe ninkaya da kokawa da guje-guje da sauran wasannin da ba su tara jama'a. Su kuwa 'yan wasan, a lokacin ba a biyan su albashi. Abin da suke samu shi ne karatu kyauta da masauki da abinci.

Soke gasar 2020 ya sa kuɗin da NCAA ta shirya raba wa manyan jami'o'i ya sauko daga kimanin dala miliyan 600 zuwa miliyan 225. Nan da nan aka fara yankan ƙananan wasanni. A watan Yuli, Jami'ar Stanford, duk da arzikinta, ta ce za ta rufe wasanni 11 daga cikin 36 da take da su, har da kokawa. Sai a Mayun 2021 ta janye, bayan tsofaffin ɗalibai sun yi ta tara kuɗi da matsa lamba.

Wa ya yanke shawarar a koma fili?

Babu mutum ɗaya da ya yanke. Jami'o'in Amurka rukuni-rukuni suke, kowane rukuni da shugabanninsa da yarjejeniyarsa da gidajen talabijin, kowace jiha kuma da dokar kullenta. Don haka kowa ya kama gabansa.

Rukunin Ivy League, inda Harvard da Yale suke, ya dakatar da wasanni tun 8 ga Yuli, 2020, kuma bai buga gasa ba har shekarar karatun ta ƙare. Wannan rukuni ba ya ba da karatu kyauta saboda wasa, kuma bai dogara da kuɗin talabijin ba. Rukunonin SEC da ACC da Big 12 kuwa suka ce za su buga.

Big Ten ne ya yi ta kai da kawo. Ranar 11 ga Agusta ya ɗage kakar wasa, shi da rukunin Pac-12. Babban abin da likitocinsu suka ji tsoro shi ne kumburin tsokar zuciya, wanda ƙwayar cuta kan bari a jiki, ya kuma zama haɗari ga mai gudu da ƙarfi. Iyayen 'yan wasa suka yi zanga-zanga, 'yan wasa takwas na Jami'ar Nebraska suka kai ƙara kotu, har Shugaba Donald Trump ya kira shugaban rukunin a waya ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe. Ranar 16 ga Satumba Big Ten ya sauya magana, ya ce za a fara wasa a ƙarshen Oktoba bisa sharaɗi biyu: a gwada kowane ɗan wasa kullum, kuma duk wanda ya kamu ya zauna kwana 21, a duba zuciyarsa kafin ya dawo.

Yaya aka buga wasannin?

An rage tafiye-tafiye, yawancin rukunoni suka taƙaita karawa tsakanin 'yan gida. An rage 'yan kallo, wasu wuraren iyalan 'yan wasa kaɗai aka bari. Kujerun da suka rage aka cika su da hotunan magoya baya da aka buga a kwali, ana sakin sautin ihun jama'a ta lasifika. Jami'o'i da yawa sun hana al'adar nan ta ranar wasa, inda mutane ke cika wurin ajiye motoci tun da safe suna gasa nama a bayan motocinsu.

Duk da haka, wasannin ƙwallon ƙafar Amurka fiye da 100 aka ɗage ko aka soke a kakar, domin mutum ɗaya in ya kamu, sai an killace duk waɗanda suka zauna kusa da shi. Karawar Ohio State da Michigan, wadda ba a taɓa tsallake ta ba tun bayan 1917, ba a yi ta ba a Disambar 2020. A Jami'ar Vanderbilt, killacewa ta kwashe masu bugun ƙwallo da ƙafa na ƙungiyar maza, sai aka ɗauko Sarah Fuller, mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata. Ranar 28 ga Nuwamba ta zama mace ta farko da ta buga wasa a matakin manyan rukunoni biyar na wannan wasa, wato SEC da ACC da Big 12 da Big Ten da Pac-12.

Da Maris ɗin 2021 ya zo, NCAA ba za ta iya jure asara ta biyu ba. Gasar da aka saba warwatsawa a birane da dama, sai aka tattara ta maza gaba ɗaya a jihar Indiana, ta mata a yankin San Antonio na jihar Texas. Sai gwaji bakwai a jere ya nuna mutum ba shi da cutar kafin a bar shi ya shigo. Kowace ƙungiya da nata ɓangaren a otal, 'yan wasa na ɗauke da wata ƙaramar na'ura mai nuna wanda suka kusanta. A gasar maza, wasa ɗaya tak aka rasa, lokacin da cutar ta ɓulla a ƙungiyar VCU aka ba Oregon nasara ba tare da an buga ba. Baylor ce ta ɗauki kofin maza. Stanford ta ɗauki na mata, bayan ta shafe fiye da wata biyu tana yawo daga otal zuwa otal, saboda hukumomin yankinta a Kalifoniya sun hana wasannin da ake cuɗanya da juna.

Ina aka fi shan wahala?

A ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen da suke haya a gari. Ɗan wasa yana da koci da likita a kansa, kuma ya san in ya karya doka zai rasa wurinsa. Ɗan shekara 18 da ya baro gidan iyayensa karon farko, bayan wata biyar yana kulle, babu mai iya tsare shi da dare. A aji ana iya jera kujeru nesa da juna, kowa da takunkumi. A wurin fati, cikin ɗaki a rufe, ana kiɗa ana ɗaga murya, nan cutar ta fi samun hanya.

Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta fara darasi ranar 10 ga Agusta, 2020. Mako ɗaya kacal, cutar ta ɓulla a ɗakunan kwana da gidan wata ƙungiyar ɗalibai, aka mayar da karatun masu digirin farko intanet. Washegari Notre Dame ta dakatar da shiga aji na mako biyu.

Martanin farko na jami'o'i shi ne hukunci. An sa ɗalibai sun sa hannu a takardar alƙawari, an buɗe layukan kai tsegumi, an dakatar da masu shirya taro. Jami'ar Northeastern da ke Boston ta sallami ɗalibai 11 daga zangon karatu saboda an same su tare a ɗakin otal guda. Masana lafiyar jama'a da dama sun yi gargaɗin cewa tsananin hukunci yana sa ɗalibi ya ɓoye inda ya je da waɗanda ya gani, alhali da wannan bayanin ake bin sawun cuta.

Waɗanda suka fi cin nasara su ne waɗanda suka zuba kuɗi a gwaji. Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign ta ƙirƙiro gwajin yawu, mai arha da saurin fitowa, ta wajabta wa ɗalibai yin sa sau biyu a mako. Ba ka shiga gini sai wayarka ta nuna sakamakonka. Ko ita ma ta yi tuntuɓe a farkon Satumba, domin lissafinta bai hango cewa wasu za su san sun kamu kuma su tafi fati ba. Sai da aka taƙaita zirga-zirgar ɗalibai na mako biyu kafin adadin ya sauko. Jami'ar Arizona kuma ruwan da ke fitowa daga banɗakunan ɗalibai ta riƙa dubawa. A watan Agusta ta ga alamar cutar a ruwan wani gini, aka gwada mazauna ginin su kimanin 300, aka samu biyu da ke ɗauke da ita ba tare da sun ji komai a jikinsu ba.

Ɗaya dabarar ita ce a fitar da taro waje maimakon a hana shi. An kafa manyan rumfuna a harabar makarantu don lacca da cin abinci, ɗakunan cin abinci suka koma ba da ƙunshi a tafi da shi, tarukan ƙungiyoyi da bikin yaye ɗalibai suka koma Zoom. An kuma taɓa kalandar karatu: jami'o'i da yawa sun sallami ɗalibai kafin ƙarshen Nuwamba, sun soke hutun tsakiyar zango na bazara, don kada a je gida a kwaso cutar a dawo da ita. Abin da ba a samo wa magani ba shi ne kaɗaici. Sabon ɗalibi kan gama zango guda bai san fuskar 'yan ajinsu ba, ofisoshin ba da shawara kan damuwa kuma suka cika da masu neman taimako.

Wani dare ya haɗa matsalolin biyu wuri guda. Ranar 7 ga Nuwamba, 2020, Notre Dame ta doke Clemson, dubban ɗalibai suka diro daga kujeru suka cika fili suna rungumar juna. 'Yan wasan an gwada su, an tsare su tsawon mako, cikin minti ɗaya suka nutse a cikin taron. Notre Dame ta ce babu ɗalibin da zai bar gari sai ya yi gwaji.

Ɗalibai baƙi fa?

Wannan ya shafi 'yan Najeriya kai tsaye, domin babu ƙasar Afirka da ta kai ta yawan ɗalibai a Amurka. Da aka rufe ɗakunan kwana a Maris, da yawa ba su da inda za su je, jiragen sama kuma sun tsaya. Ranar 6 ga Yuli, 2020, hukumar shige da fice ta ce baƙon ɗalibin da duk darussansa suka koma intanet sai ya bar ƙasar. Harvard da MIT suka garzaya kotu, ranar 14 ga wata gwamnati ta janye dokar. A gida kuwa tambayar yadda za a buɗe ba ta taso da wuri ba, domin yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati daga Maris zuwa Disambar 2020.

Me ya rage bayan annobar?

NCAA ta ƙara wa 'yan wasan da abin ya shafa shekara ɗaya a kan adadin shekarun da doka ta ba su, shi ya sa aka yi ta ganin 'yan shekara 24 suna wasan jami'a. Tara gasar maza da ta mata a lokaci guda ya tona bambancin da ke tsakaninsu: Sedona Prince ta Jami'ar Oregon ta saki bidiyon 'yan ƙarafan motsa jiki da aka ajiye wa mata, aka kwatanta da katafaren zauren da aka shirya wa maza. Daga 2022 gasar mata ta koma ƙungiyoyi 68 kamar ta maza.

Annobar ta kuma ƙara wa wata tsohuwar muhawara zafi. Jama'a sun ga an sallami ɗalibai gida, an bar 'yan wasa a makaranta suna buga wasan da ke kawo miliyoyi, su kuma ba su da kaso. Ranar 1 ga Yuli, 2021, NCAA ta bar 'yan wasa su fara karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu. Shari'o'i da dokokin jihohi ne suka tilasta hakan, kuma an faro su tun kafin korona, amma shekarar 2020 ta sa kare tsohon tsarin ya yi wuya.

Rigakafi ne ya dawo da 'yan kallo. A Maris ɗin 2021 Jami'ar Rutgers ta wajabta wa ɗalibanta allurar, ɗaruruwan makarantu suka bi sahu. Ranar 27 ga Nuwamba, 2021, Michigan ta karɓi Ohio State a gaban mutum sama da 100,000, ta doke ta da ci 42 da 27, jama'a suka cika fili ana zubar dusar ƙanƙara. Kwana ɗaya kafin nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa wa wani sabon nau'in cutar suna Omicron. Tsugune ba ta ƙare ba: kafin Disamba ta fita, Jami'ar Cornell ta mayar da jarrabawar ƙarshen zango intanet, an kuma sake soke wasu daga cikin wasannin rufe kaka.