Zobe da Zaki: Kirista a Gaban Labaran Almara

A watan Disamba na 2001 wata majami'a a garin Alamogordo na Amurka ta hura wuta ta ƙone littattafan Harry Potter. A watan nan kuma aka fara nuna fim na farko na The Lord of the Rings, Kiristoci da yawa a wasu wuraren suka yi ta tururuwa zuwa kallo, alhali shi ma akwai tsoho mai dogon gemu da sandar sihiri a cikinsa. To, me ya sa ake gudun wani a rungumi wani?

Tsoron dai yana da tushe. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta hana duba da sihiri da tuntuɓar matattu, kuma a wajenmu boka da maye ba zancen tatsuniya ba ne. Ko a Amurka, wasan Dungeons & Dragons da ya fito a 1974 ya sha zargin koya wa yara tsafi a shekarun 1980. Sai dai Littafi Mai Tsarki bai ƙyamaci ƙagaggen labari ba. A Littafin Mahukunta sura 9 itatuwa ne suke neman sarki, annabi Natan kuma da labarin 'yar tunkiya ya kama Sarki Dawuda da bakinsa.

Manyan marubutan wannan fanni biyu ma Kiristoci ne, malamai a Jami'ar Oxford. J.R.R. Tolkien ɗan Katolika ne tun yarinta. C.S. Lewis kuwa ya yi watsi da addini tun yana saurayi. Wani dare a watan Satumba na 1931 suka raba dare suna muhawara, da abokinsu Hugo Dyson. Tolkien ya nuna wa Lewis cewa tsoffin labaran allahn da ya mutu ya tashi suna ratsa shi, sai an zo kan Linjila ya toshe kunne, alhali ita ce labarin da ya faru da gaske. Ba a daɗe ba Lewis ya ba da gaskiya ga Almasihu.

Daga baya ya rubuta littattafan Narnia guda 7, tsakanin 1950 da 1956. A na farkon, yaro Edmund ya ci amanar 'yan'uwansa saboda kwaɗayin alewa, zaki Aslan ya ba da kansa a madadinsa. Aka ɗaure shi, aka aske masa geza, aka yi masa ba'a, aka kashe shi a kan teburin dutse. 'Yan mata biyu suka kwana suna kuka kusa da gawar, ɓeraye suna gaigayar igiyoyin. Da asuba teburin ya tsage, zakin ya tashi. Yaron da ke zuwa makarantar Lahadi ba sai an fassara masa ba.

Tolkien bai so Narnia ba sam. Ba ya son labarin da wa'azinsa ke fili haka. A nasa littafin, The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, babu coci, ba a ambaci Yesu ba, duk da haka ya rubuta wa wani limamin Katolika a 1953 cewa aikin na addini ne tun daga tushe. Ana ganin haka a ƙarshen tafiyar Frodo, jarumin labarin, wanda aka ɗora wa nauyin hallaka wani mugun zobe mai iko. Ya sha yunwa da rauni har ya kai zoben bakin dutse mai aman wuta, wuri kaɗai da za a iya hallaka shi, sai ya kasa. Ya ce zoben nasa ne, ya zura a yatsa. Gollum, ƙasƙantaccen mahaluƙin nan da Frodo da Bilbo, wanda ya riƙe zoben kafin Frodo, suka sami damar kashewa suka ji tausayinsa, shi ya gatse yatsan, yana rawar murna ya zame cikin wutar da zoben. Jarumtakar Frodo ta ƙare a bakin ramin, jinƙan da aka yi tuntuni ne ya ƙarasa aikin. Ranar kuma 25 ga Maris ce, ranar da ikkilisiya ke tunawa da albishir ɗin mala'ika Jibra'ilu ga Maryamu. A ganina wannan ya fi na Lewis zurfi, ko da yake na Lewis ya fi saurin shiga zuciyar yaro.

Abin lura ke nan ga iyaye: yadda labari ya ɗauki iko. An miƙa wa Gandalf, tsohon nan mai sandar sihiri, zoben ya ƙi karɓa, don ya san ko da niyyar alheri ya riƙe shi, zai juya shi. Saruman, wani mai sihirin, ya yi kwaɗayinsa, ya lalace. Harry Potter ya fi wuyar hukunci, domin a can yara ne suke koyon sihiri a aji, kuma ban ga laifin uban da ya ce a dakata sai ɗansa ya yi hankali ba. Amma mugun da ke cikin labarin shi ne wanda ya kashe rayuka don kada ya mutu, jarumin kuma da ƙafarsa ya tafi wurin mutuwa saboda abokansa. A littafi na 7, na 2007, har da ayoyin Sabon Alkawari a kan kaburbura.

Akwai kuma labaran da aka rubuta da gangan don ja da bangaskiya. Philip Pullman, wanda ya soki Narnia a fili, ya rubuta His Dark Materials tsakanin 1995 da 2000, inda hukumar addini ce azzaluma. Bangonsa da na Narnia duk yara da dabbobi ne masu kyan gani, a kanti ma sau da yawa wuri ɗaya ake jera su, don haka sai uba ko uwa sun karanta da kansu kafin su san wanne suka sayo.