Jiƙo da Tsimi da Dauri: A Sha da Lura

Jama'ar ƙasar Daura, maza da mata, ga bayani a kan magungunan da kuke haɗawa a gida. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tun daga Daura har Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, da wuya ka shiga gida ka rasa ƙoƙon jiƙo ko tukunyar dauri. Kakanninmu sun yi aiki da sabara da marke da maɗaci tun ba a gina asibiti ba, kuma ba mai cewa itatuwan nan banza ne. Kwinin ma daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu aka fitar da shi a 1820. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yanzu kuwa, asalinsa wani ganye ne ɗan uwan tazargade, wanda wata masaniya a ƙasar Sin, Tu Youyou, ta fitar da ƙarfinsa a 1972.

To, abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Awo ne ya raba magani da dafi.

Me Ya Sa Jiƙo Ba Shi da Awo?

Ƙwayar asibiti an auna ta, ta yau daidai take da ta gobe. Jiƙo ba haka yake ba. Sassaƙen da aka saro da rani ƙarfinsa dabam da na damina. Saiwa da ganye na itace guda ma ba ɗaya suke ba. In tukunya ta daɗe a wuta, ruwa ya ƙone, sai magani ya yi kauri. Tsimin da ya kwana bakwai ya wuce na kwana ɗaya nesa. Saboda haka ludayi guda na yau yana iya fin na jiya ƙarfi, kai kuwa ba ka sani ba.

Kome ka sha, hanta ce ke sarrafa shi, ƙoda kuma ta tace ta fitar da shi cikin fitsari. In ana ɗura musu magani mai ƙarfi kullum, sai su gaji. Ɓarnar ba ta bayyana da wuri. Sai daga baya ka ga ƙafa ta kumbura, ko fitsari ya ragu, ko ido ya yi rawaya.

Itatuwan da Ke da Dafi

Zaƙami yana busar da baki, ya sa zuciya bugawa da sauri, ya gusar da hankali, wani lokaci har ya kashe. 'Ya'yan zurma da na cin-da-zugu suna kawo amai da zawo mai tsanani, ƙwaya kaɗan ta isa ta kwantar da yaro. Idon zakara, ja da baƙin nan da yara ke wasa da shi, dafi ne in an tauna. Nonon tumfafiya da na tinya suna ƙona ido. Kada a ɗiga ruwan wani ganye a ido ko kunne, kome ciwon.

Waɗanda Za a Kiyaye Ƙwarai

Jariri. Hantarsa da ƙodarsa ba su ƙosa ba. Daga haihuwa har wata 6 nonon uwa ya ishe shi, ba dauri, ba jiƙo, ba ruwa. Zuma sai ya cika shekara. Man darbejiya kuwa yana iya sa ƙaramin yaro jijjiga, kada a ba shi. In jariri ya yi shawara, a kai shi asibiti ran nan, domin in ta hau kai ba ta gyaruwa.

Mai ciki. Abin da uwa ta sha yana iya kaiwa ga ɗan da ke cikinta. Maganin wankin ciki mai ƙarfi yana murɗa mara. Maganin saurin naƙuda kuma yana iya matse mahaifa har ta tsage.

Mai jego. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka ga yana tafiya da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zuciya ta wahala. Ke uwargida, in kin ga mai jego tana haki, ƙafafunta sun kumbura, a daina kanwa, a tafi asibiti.

Mai shan maganin asibiti. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai tarin fuka, kada su ajiye ƙwayarsu don jiƙo, kada kuma su gama biyun sai sun tambayi likita. Wani jiƙon yana rage ƙarfin ƙwaya, wani ya ƙara mata.

Maganin Kwalba na Kasuwa

Ran kasuwa za ka ji mai lasifika yana cewa kwalba guda tana maganin basir da shawara da sanyi da rashin haihuwa. Ka riƙe kuɗinka. Tun 1993 Gwamnati ta kafa hukumar NAFDAC mai duba abinci da magunguna. Duba jikin kwalba ka ga lambar hukumar, da sunan mai yi da inda yake, da abin da aka haɗa, da ranar lalacewa. In babu, kada ka saya. Ka sani kuma, lambar nan ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa.

Dokoki Shida na Gida

1. Kada ka sha abin da ba ka san sunan itacensa ba. Garin da aka ƙulle a leda ba suna, a bar shi.

2. A wanke sassaƙe da saiwa, a dafa da ruwa mai tsabta. Kada a ɗebo ganye inda aka yi feshin maganin ƙwari.

3. A yi na yini guda. Jiƙon da ya yi yauƙi ko fumfuna, a zubar.

4. Kada a zuba magani a galan ɗin fetur ko na maganin feshi, ko an wanke. A ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa.

5. Kada a ɗura wa mai jijjiga ko wanda ya suma kome a baki, sai ya shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a ɗauke shi zuwa asibiti.

6. Zazzaɓi, a je a yi gwajin jini na ɗan yatsa tun ran da ya fara, balle ga yaro da mai ciki. Zawo, a fara ba da ruwan gishiri da sukari nan da nan.

In An Sha An Ga Ba Daidai Ba

Alamun su ne amai ba tsayawa, zawo da jini, jiri, sambatu, kumburin fuska, ƙaiƙayi a jiki duka, ko ɗaukewar fitsari. A daina shan maganin. Kada a sa yatsa a maƙogwaro, kada a tsaya ɗura manja ko nono. A tafi ɗakin shan magani mafi kusa, ko asibitin Daura, a riƙo sauran maganin da kwalbarsa ko ganyensa.

In an tambaye ka abin da aka sha, faɗi gaskiya: mene ne, nawa, tun yaushe. Don a san abin da za a yi ake tambaya, kuma ɓoyewa ɓata lokaci ne ga mara lafiya.

Kai maigida, kai ne mai kula da abin da ke shiga gidanka. Gaya wa iyalinka, gaya wa maƙwabcinka. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.