Ɗorin Karayar Ƙwauri da Sandar Ƙarfe a Cikin Ɓargo

A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, inda babur ke ɗaukar manomi da buhun taki a hanyar burji, karayar ƙashin ƙwauri ba baƙuwa ba ce, kuma da yake fata ce kawai ta rufe gaban wannan ƙashi, sau da yawa yakan huda ta ya fito, abin da ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Galibi akan fara zuwa wurin mai ɗori, sai dai ɗaurin karare da tsumma, idan ya matse, yana iya hana jini gudana har ƙafar ta ruɓe.

A asibitocin ƙashi, irin na Dala da aka kafa a Kano a 1959, likita yakan tsaga ƙasan gwiwa kaɗan, ya zura doguwar sandar ƙarfe ta cikin ramin ɓargo har ta ratsa wurin karayar, sannan ya kulle ta sama da ƙasa da ƙusoshi masu murɗi da ke gitta ƙashin, domin kada ƙafar ta gajarce ko ta karkace. Likitan Jamus Gerhard Küntscher ne ya fara wannan dabara a 1939, kullewar kuwa ta bazu a shekarun 1970.

Amfaninta shi ne majinyaci yakan fara motsa gwiwa da idon sawu da wuri, ko da yake haɗewar ƙashin kan ɗauki wata uku zuwa shida, wasu kuma sukan yi fama da ciwon gaban gwiwa daga baya.